Yadda zaki motsa jiki da ciki, da yadda zaki dawo da ƙarfinki bayan haihuwa

Tun da na haifi yarona na uku mata suke tare ni da tambaya ɗaya, a gidan biki, a islamiyya, har a layin awo in na raka ƙanwata: Anti wai da gaske da tsohon ciki kike atisaye, kuma ya akai tumbinki ya koma? Da gaske ne. Amma a cikin fari ban yi ba, kwanciya nayi kusan wata tara saboda kowa cewa yake kar ki motsa kar cikin ya zube, na ƙare da ciwon baya da kumburin ƙafa, kuma ana gama suna na ɗaure ciki tamau na hau atisayen kwanta-tashi ina so in koma yadda nake a sati biyu. Abin da na samu shi ne tsakiyar cikina ya riƙa tsirowa kamar tulu in zan tashi, in nayi atishawa kuma sai fitsari ya ɗigo, na kusa shekara a haka ina jin kunyar faɗa wa kowa. Shi yasa na zauna na rubuto abin daki-daki, dan duk matsalar a jerin take, wanne za a fara wanne za a jinkirta.

1. Ki fara daga wajen awo

Kafin komai ki tambayi likita ko malamar awo kai tsaye, ki ce ina so in riƙa tafiya da ɗan motsa jiki, akwai abin da zai hana ni? Kar ki jira su fara miki maganar, layi yana da tsawo ba lallai su tuna ba. A sa a duba hawan jini da yawan jininki, dan mace mai ƙarancin jini sosai ko tsakar gida ta zaga sai haki.

Akwai waɗanda wannan bayanin ba nasu bane sai abin da likitansu ya ce: wadda take zubar jini, wadda aka ɗaure wa bakin mahaifa, wadda hoto ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare hanya bayan sati 26, wadda faya ta fashe kafin lokaci, mai hawan jinin ciki, mai ciwon zuciya ko na huhu, da mai 'yan biyu da ake tsoron haihuwar bakwaini. In ba kya cikin waɗannan, cikinki lafiya lau, motsa jiki daidai kima ba ya zubar da ciki, hasalima yana rage haɗarin ciwon suga na masu ciki da hawan jini, ga barci mai daɗi, ga bayan gida yana saukuwa.

2. Kayan da zaki tanada

Ba sai kin yi rajistar jim, wato gidan atisaye, ba. Tabarma ko darduma mai kauri, kujera mai ƙwari wadda ba ta zamewa (ba farar roba ba), bangon ɗaki, filo biyu, da gorar ruwa guda biyu. Gorar lita 1.5 in kin cika ta kilo ɗaya da rabi ce, ta isheki ƙarfen ɗagawa.

Abu biyu ne kawai zaki kashe wa kuɗi, takalmi kambas da rigar mama mai riƙewa sosai. Kambas ko na gwanjo ne ya wadatar, in a Kano kike ki leƙa Ƙofar Wambai, amma ki je da yamma ki gwada lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, ki ɗauki wanda ya ɗara lambarki kaɗan. Silifas ba na wannan aikin bane, santsi ɗaya ya isa. Belt ɗin matse ciki da shayin rage tumbi kuwa ki ajiye kuɗinki, zan zo kansu a gaba.

3. Tafiya, ita ce uwar aikin

Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta ce mai ciki da wadda ta haihu su samu aƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, wato minti 30 sau biyar. In baki saba ba ki fara da minti 10, bayan 'yan kwanaki ki ƙara biyar, a haka har ki kai. Kuma ba dole a haɗe ba, goma da safe goma da yamma goma bayan Isha duk lissafi ɗaya ne.

Ma'aunin saurin mai sauƙi ne: ki yi tafiyar da zaki ji jikinki ya ɗumama numfashi ya ɗan ƙaru amma kina iya hira. In kin kasa haɗa jimla sai kin tsaya shan iska, kin wuce gona da iri, ki rage. Wadda ba ta fita waje sosai tsakar gida ya isa, ni a cikin na biyu daga ƙofar kicin zuwa zaure nake kai-komo da casbi a hannu, in na gama azkar ɗin yamma na san minti ashirin ya cika.

Wata ukun farko in laulayi ya kayar da ke kar ki takura kanki, ranar da kika ji dama-dama ki taka kaɗan, ki fara cin wani abu mara nauyi tukunna. Daga wata huɗu zuwa shida yawancin mata ƙarfi yake dawo musu, nan ne zaki kafa al'adar. Daga bakwai zuwa tara taku zai ragu da kansa, ki rage sauri da tsawo amma kar ki daina gaba ɗaya.

Zafi shi ne abin tsoro a garuruwanmu. A bazara, Maris zuwa Mayu, Kano da Sakkwato da Maiduguri ana haura digiri 40, toh tafiya sai bayan Asuba ko dab da Magariba, da hijabi mara nauyi. Ki sha ledar fiyawata ɗaya kafin ki fara, ki riƙe wata a hannu. In fitsarinki ya yi ja-ja ruwa bai isheki ba. Da azumi, in kin zaɓi yi, ki bari sai bayan buɗa baki da kamar awa ɗaya.

Ki tsaya nan take ki nufi asibiti in kika ga ɗaya daga cikin waɗannan: jini, ruwa yana zuba ta gaba, jiri, ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, mara tana murɗawa a kai a kai kamar naƙuda, sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko kin ji motsin yaro ya ragu. Wannan ba na a jira maigida ya dawo daga kasuwa bane.

Ana yawan ce min ai aikin gida ma motsa jiki ne. Wani eh wani a'a. Shara da goge-goge da ɗan daka suna cikin lissafi in sun sa kin ɗumama. Amma wanki a duƙe na awa biyu baya kawai yake kashewa, ki samu kujera 'yar tsugunno ki ɗora bahon a kan wani abu. Jarka mai lita 25 kuwa kilo 25 ce cif, ki bar wa wani ya ɗauka.

4. Matse naman ƙasa

Wannan shi ne matakin da na fi so ki riƙe, dan shi ne na rasa a cikin fari. Akwai wani nama shimfiɗe a ƙasan ƙugu kamar faifai, shi yake tallafe mafitsara da mahaifa da dubura, nauyin ciki yana danna shi wata tara, haihuwa kuma ta miƙar da shi. Atisayensa ake kira Kegel.

Ki zauna ko ki kwanta ta gefe. Ki matse kamar kina riƙe tusa a cikin mutane, ki haɗa da kamar kina riƙe fitsari, sai ki ja su sama ciki. Ki ƙirga uku, ki saki gaba ɗaya ki ƙirga uku. Sau goma. A hankali ki kai riƙon zuwa ƙirga goma, sannan ki ƙara da guda goma masu sauri, matse saki matse saki. Sau uku a rana, ni da salla na haɗa shi dan kar in manta, bayan Asuba, La'asar da Isha kafin in tashi daga darduma.

Kuskuren da ake yi: riƙe numfashi, matse ɗuwawu da cinyoyi maimakon ainihin wurin, da mantawa da sakin. Sakin ma aiki ne, ranar naƙuda shi zaki buƙata. Kuma kar ki mayar da tsayar da fitsari a banɗaki ya zama atisayenki, yana hana mafitsara juyewa duka, daga nan sai ciwon sanyi.

5. Ƙugu, baya da hannuwa

Sau biyu a sati ya isa, minti 15. Ki tsaya gaban kujera ƙafa a ɗan ware, ki sauka kamar zaki zauna, ɗuwawu ya taɓa sai ki miƙe, sau goma. Ki dafa bango da tafin hannu biyu ki karkata ki turo kanki, sau goma. Ki durƙusa kamar mai rarrafe, ki ɗaga gadon baya sama kamar kyanwa ta yi miƙa sannan ki dawo daidai, wannan wallahi maganin ciwon bayan tsohon ciki ne. Sai gorar ruwa a kowane hannu, ki lanƙwasa ki miƙe, dan hannun nan shi zai ɗauki jariri dare da rana. Duk lokacin da kike yunƙuri ki fitar da numfashi, kar ki riƙe.

Daga wata huɗu ki bar duk abin da zai sa ki daɗe kwance rigingine, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da take mayar da jini zuciya, sai jiri. Banda tsalle, banda abin da za a iya faɗuwa ko a bugi ciki. Gaɓoɓi suna sakewa da ciki saboda haka kar ki ja miƙa har ƙarshe. In kina jin ciwo a ƙashin gaban mara musamman in kin ware ƙafa ko kin tsaya da ƙafa ɗaya, ki bar tsugunnon, ki riƙa haɗe gwiwoyi in zaki sauka daga gado ko adaidaita, ki faɗa a wajen awo. Tashi daga kwance kuma koyaushe ki mirgina gefe ki dafa hannu, wannan ɗabi'ar ki riƙe ta har bayan haihuwa.

6. Daga haihuwa zuwa suna

Satin nan hutu ne, amma ba kwanciya kamar gawa ba. Ki riƙa tashi kina takawa zuwa banɗaki da cikin ɗaki, karon farko da wani a kusa saboda jiri. Ko tiyata aka yi miki zaki ga nas tana matsa miki ki tashi washegari, ba mugunta bace, jini ne ake gudun ya daskare a jijiyar ƙafa. In kina kwance ki riƙa juya tafin ƙafa sama da ƙasa.

Abu biyu kawai zaki ƙara. Numfashi: hannu a kan haƙarƙari, ki ja iska ta hanci har ki ji sun buɗe, ki fitar ta baki a hankali kina ɗan janye ƙasan cibiya ciki. Sai matsin naman ƙasa a hankali, ko an yi miki ƙari zaki iya in ba ya ƙara ciwo, in da robar fitsari ki bari sai an cire. Tunda yanzu ba kya salla ki haɗa shi da shayarwa. Da farko zaki ji kamar wurin ba naki bane, haka yake, ki ci gaba.

Mai tiyata ki danna filo a kan ɗinkin in zaki yi tari ko dariya, kuma har sati shida kar ki ɗauki abin da ya fi jaririnki nauyi, har da yayansa mai rigimar a ɗauke shi. Ranar suna ki samu wuri ki zauna, ba ke zaki yi ta zirga-zirgar rabon abinci ba. Jinin da yake jiƙa audugar mata cikin awa ɗaya, gudaji manya, wari, zazzaɓi, ko ciwon kai da dishi-dishi, duk asibiti ne, jijjiga tana iya zuwa ko bayan an haihu.

7. Daga suna zuwa arba'in

Ki fara tafiya minti biyar zuwa goma a tsakar gida, kowane sati ki ƙara kaɗan. Jinin biƙi shi ne malaminki a nan: in ya fara ja baya sai kuma ya dawo jajir ko ya ƙaru bayan kin yi aiki, jiki ne yake ce miki kin yi sauri, ki huta kwana biyu.

Wankan jego ba zan ce ki yi faɗa da iyaye a kansa ba, ruwan ɗumi yana warware gajiya kuma kulawar da ake ba mai jego a lokacin abu ne mai kyau. Amma a sirka ruwan, ki gwada da gwiwar hannu kafin a fara fyaɗa ganyen darbejiya, na ga mata da tabon ƙuna a baya har yau. Kar a fyaɗa a kan ɗinkin tiyata, mai ƙari kuma ruwan zama ya zama mai ɗumi kawai. Kunun kanwa shi ne na fi jin tsoro, kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana hawar da jini, kuma ciwon zuciyar bayan haihuwa sananne ne a arewa, likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. Mai hawan jini kar ta kusance shi, sauran ma a rage, kunun gyaɗa da na tsamiya suna nan. In kin ga haki ko kina zaune, ba kya iya kwanciya sai kin tara filo, tarin dare, ƙafa tana ƙara kumbura, kar kowa ya ce miki sanyin jego ne a ƙara zafin ruwa, ki tafi a duba zuciya.

Ɗaure ciki da zane in sassauƙa ne dan ki ji tallafi wajen tafiya ba laifi, na 'yan awanni. Amma ba ya narkar da kitse ba ya haɗa nama, in kuma aka tamke shi har numfashi yana wuya, duk matsin ƙasa yake komawa kan naman da bai gama warkewa ba. Mahaifa da kanta take komawa, wajen sati shida take ɗauka. Haka kayan matsi da ake cusawa, ba sa gyara nama, ƙaiƙayi da ciwon sanyi suke jawowa, ga ɗinki ɗanye.

8. Ki gwada rabuwar naman ciki

Wannan kafin ki taɓa duk wani atisayen tumbi. Naman gaban ciki layi biyu ne, ciki yana raba su, a wasu suna haɗewa da kansu a wasu kuma sai an taimaka. Ki kwanta rigingine, gwiwa a lanƙwashe, ki jera yatsu a kwance saman cibiya, ki ɗaga kai kaɗan kamar zaki leƙa ƙafarki. Zaki ji gefe biyu sun matso yatsun. Ki ƙirga yatsa nawa ya shige, ki sake gwadawa ƙasan cibiya. Mai tiyata ki bari sai ɗinki ya warke.

In ya fi yatsa biyu, ko tsakiyar yana tsirowa, banda kwanta-tashi, banda ɗaga ƙafa biyu a tare, banda dogarawa a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa. Ga abin da zaki yi a madadinsu, kina kwance gwiwa a lanƙwashe: ki fitar da numfashi, ki matse naman ƙasa, ki manna ƙugu da tabarma, ki saki. In wannan ya zauna sai ki riƙa zame dunduniya ɗaya a ƙasa har ƙafa ta miƙe ki dawo da ita. Daga baya ki ƙara ɗaga ƙugu sama kamar gada. Goma-goma, kullum ko bayan kwana ɗaya. Ni nawa yatsa uku ne bayan na biyu, da waɗannan atisayen guda uku ya dawo ɗaya da rabi cikin 'yan watanni. In sati takwas ya wuce ramin yana nan, ki nemi sashen gashin ƙashi, manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da shi.

9. Bayan arba'in

Arba'in ɗinmu ta kusa daidai da sati shidan asibiti, toh kafin yawon arba'in ki koma a duba hawan jini, yawan jini, ɗinki, ki yi maganar tazarar haihuwa. In an sallame ki sai ki koma atisayen mataki na 5, ki kai tafiya minti 30 mai ɗan sauri. Mai tiyata yawanci sai sati shida zuwa takwas ko fiye, yadda likita ya gani. Tafiya da goyo ma aiki ne, ki ɗaure shi sama sosai kar ya zazzago ƙugu.

Gudu, tsallen igiya da rawar atisaye mai tsalle ki bari sai an cika wata uku. Ko a lokacin ki gwada kanki: tafiyar minti 30, tsayuwa da ƙafa ɗaya ki ƙirga goma, sassarfa a wuri ɗaya na minti ɗaya. In babu ɗigar fitsari, babu ciwo, babu jin nauyi kamar wani abu zai faɗo ta gaba, bismillah. In akwai, ki koma baya ki ga likita. Fitsarin da yake zuba dare da rana ba tare da tari ko yunƙuri ba kuwa wannan yoyon fitsari ne, aiki ake yi a gyara, akwai cibiyar Babbar Ruga a Katsina da ta Laure a asibitin Murtala na Kano.

Ki shayar kafin ki fara dan nono ya yi sauƙi, motsa jiki matsakaici ba ya rage nono ba ya ɓata shi. Abin da yake kayar da mai shayarwa yunwa ce da rashin ruwa, dan shayarwa kaɗai tana cin wajen kalori 500 a rana (kalori ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki ne). Saboda haka banda horon yunwa, banda shayin rage tumbi, yawancinsu gudawa kawai suke sawa kuma baki san me zai bi nono ba. Ki ci wake, ƙwai, kifi, nama, zogale, alayyahu, ki ci gaba da maganin ƙarin jini in an baki, ki rage lemon kwalba da sugan shayi da na kunu. Rabin kilo a sati ya isa sauka. Ni sai da na yi wata tara kafin siket ɗina na da ya shiga, a na uku ma ya ɗan haura.

Ranar da yaro ya hana ki barci ki bar atisayen ki kwanta in ya kwanta, matsin naman ƙasa kawai ki yi wajen shayarwa. In an yi sati biyu ko fiye baki yi komai ba saboda rashin lafiya ko tafiya, ki dawo daga rabin inda kika tsaya. In kuma kin lura kuka da ƙunci sun wuce sati biyu, ba kya jin daɗin komai har jaririn, ki faɗa wa maigida ko mama a raka ki asibiti, shi ma ciwo ne da ake magani.